Ƙanena Muntaka da Kujerar Mer

Alhamis, 31 ga Janairu, 2008

An yanke wayoyi. A kwata kowa zancensa ɗaya, 'yan tawaye sun taso daga gabas, sun doshi Injamena. Na ɗauko nama daga Farsha kamar kullum, na sauke wa mahautan Ridina, na kawo sauran nan Digel, na shige gida da wuri.

Muntaka ya biyo da yamma yana dariya, wai ko ana yaƙi ai mutane sai sun hau mota. Ɗan Baffana ne, amma wani lokaci sai in rasa inda muka haɗa jini. Shekarun baya ya sauka gidan nan daga Haɗeja da jakar leda ɗaya, ko ruwa bai iya roƙa da Larabci ba. Ni na koya masa tuƙi a bashe ɗina, tsohuwar a-kori-kurar nan. Ni na nuna masa lungunan garin nan ɗaya bayan ɗaya. Yau shi ke da kar, farar bas ta haya mai sheƙi, ni kuma ina nan da ƙarnin jini. Alhamdu lillahi dai.

Asabar, 2 ga Fabrairu

Sun shigo. Ƙasa har rawa take. Yara suna ƙarƙashin gado.

Da harbi ya ɗan lafa na fita tsakar gida na kwance tayoyin bashe, na cire batir, na ɗora ta kan bulo, na rufe da zana. Duk wanda ya zo ƙwace mota sai ya ɗauke ta a ka. Wannan shi ake kira hankali.

Litinin, 4 ga Fabrairu

Matata Hansatu da yara da Gwaggo Mero sun haye kogi zuwa Kusiri. Muntaka ne ya kai su gadar Ngeli.

Da safe ya tsaya a ƙofa, kar cike da mutanen da ban ma sani ba. Gari kaf ya fito yana tafiya a ƙasa, Gwaggo kuwa ƙafafunta a kumbure, ko masallaci ba ta iya kaiwa. Ya ce, "Yaya, ina bashe?" Na ɗaga zana na nuna masa. Ya kalli motar a kan bulo, ya kalle ni. Da ma ya yi magana. Na durƙusa zan fara mayar da taya, ya ce, "Bari, Yaya, babu lokaci." Ya goya Gwaggo a bayansa ya kai ta mota.

Na tsaya gadin gida. Ai dole wani ya tsaya.

Lahadi, 10 ga Fabrairu

Sun dawo lafiya. Tun da Hansatu ta ajiye kaya bakinta bai huta ba. Wai Muntaka yini ya yi yana kai wa yana komowa har mai ya ƙare masa. Wai bai karɓi komai a hannun kowa ba. Wai harsashi ya huda gilashin gabansa, ya wuce dab da kunnensa, ya ce "Allahu akbar" ya ci gaba da tuƙi. Ta ba maƙwabta labarin, ta ba mai ruwa, ta ba mai gawayi. Duk maimaici harsashin ƙara matsowa yake kusa da kunnen.

An fasa gidaje da yawa a layinmu. Nawa ko cokali bai ɓata ba. Ban ji an ba kowa wannan labarin ba.

Safara'u ta zana farar mota a littafinta na lakwal, makarantar boko. 'Yata ta cikina.

Juma'a, 15 ga Fabrairu

An sa dokar ta-ɓaci. Motocin haya sun yi ƙaranci, waɗansu an ƙone, waɗansu an gudu da su. Bashe ɗina ta koma kan ƙafarta ba ko ƙwarzane, mahauta suna samun namansu a kan lokaci. Godiyarsu ita ce, "Gado, yau ka makara."

Na bi ta tasha. Mutane sun kewaye kar ɗin Muntaka suna zura yatsa a ramin harsashin. Wata tsohuwa har shafa gilashin ta yi ta shafa a fuska. Na ce masa ya sauya gilashi kafin ya tarwatse a kan fasinja, ya ce babu irinsa a kasuwa yanzu. Akwai. Na san inda ake sayarwa.

Talata, 26 ga Fabrairu

Mer ɗin gundumarmu, wato magajin gari, tun da ya haye ruwa zuwa Kusiri bai dawo ba. An ce daga sama za a naɗa sabo, amma an yarda masu unguwanni da wakilan sana'o'i su zauna su zaɓi suna su miƙa. Ni ne wakilin masu ɗaukar nama, ke nan ina da ƙuri'a.

A teburin Mudi mai shayi ana ta lissafa waɗanda suka dace. Mudi ya ce, "Ga Gado ma, ɗan gari ne, ya yi lakwal, yana jin Faransanci." Wani ya ce a miƙo masa sukari, zance ya wuce.

Na yini da maganar a raina. Har na tarar da kaina ina gwada gaisuwar taro a cikin mota.

Asabar, 1 ga Maris

Alhaji Jidda ya fito neman kujerar. Dillalin shanu ne, yana kuma da kar-kar a kan hanya. Manufarsa a fili take: a hana 'yan kilando hawa gudron, wato titin kwalta, da shiga kasuwa, a tashi tasha daga bakin kasuwa a kai ta filinsa can wajen garke. Ya ce baburan hayan nan su ɓarayi ke hawa, su suka riƙa yi wa 'yan tawaye leƙen gari. Wannan na ƙarshen ban gani da idona ba.

Amma ana ta rushe gidaje a tsakiyar gari, waɗanda aka tasa duk sun kwararo bayan Digel, cikin yashi, inda kar ba ta shiga. In ba kilando, da me za su fito? Haka na faɗa a wurin shayi, aka gyaɗa kai.

Laraba, 5 ga Maris

'Yan kilando da matan kasuwa sun yi gayya sun je gidan Muntaka, wai ya tsaya.

Muntaka! Mutumin da takardar ɗan ƙasarsa ma ni na bi masa ofis-ofis, ina rantsuwa cewa a Ridina aka haifi Baffa kafin ya koma Najeriya.

Ya zo nan bayan la'asar, ya cire takalmi tun daga zaure, ya zauna a ƙasa. "Yaya, kai ne babba. In ka ce a'a, na fasa." Gwaggo tana zaune da carbinta tana kallona. Hansatu ta daina daka. To me zan ce? Na ce Allah ya ba da sa'a.

Bai ko tambaya ba, ko don kunya, ko ni ina da sha'awa.

Lahadi, 9 ga Maris

Taro a tasha. Ya hau kan benci ya yi magana da gurgun Larabcinsa, namiji ya koma mace, mace ta koma namiji. Da ni ne, da an yi mani ihu. Shi kuwa dariyar so ake masa, mata suna "Sahi, sahi, kalamak adil!", wato gaskiya ka faɗa.

Ya ce tasha tana nan inda take, domin mai ɗauke da kwandon tumatir ba za ta yi tafiyar raƙumi kafin ta ga mota ba. Ya ce ba za a kori kilando ba, za a ba kowane riga mai lamba a baya, a rubuta sunansa da unguwarsa, wanda ya yi ɓarna a san shi. Wuri ya ɗauki tafi.

Rigar lamba! Bara da damina, a zauren gidan nan, ni na kawo wannan shawarar, shi yana cin gyaɗa yana cewa "Kai, Yaya, wa zai yarda?" Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Litinin, 10 ga Maris

Zafi ya fara. Ban ci abincin kirki ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Bayan masallaci Alhaji Jidda ya aiko a ɗauke ni zuwa gidansa a Abena. Gasasshen rago, shayi mai kumfa, darduma mai laushi. Da kansa ya yanko mani haƙarƙari. Bai ambaci Muntaka ba sai can ƙarshe.

Ya ce, "Malam Gado, kai ka san hanya, ba yau ka fara ba. Ka taɓa ganin garin da ya ci gaba ana ɗora cinyar saniya a bayan babur, ƙuda na bi?" Ya ce in ya hau, nama ba zai ƙara shiga kasuwa ba sai a mota. Ya tuna mani yarinyar da ɗan kilando ya take bara a gaban famfo. Gaskiya ne, ni na kai gawarta gida. Sannan ya ce sabuwar tasha tana bukatar shugaba, ɗan gari, mai hankali, wanda ba ya wasa da dukiya don a tafa masa.

"Ƙanenka yaron kirki ne," in ji shi, "amma jarumtar yini ɗaya ba ita ce mulki ba."

Ban yi alkawari ba. Sai dai rabon da wani ya kira ni mai hankali har na manta.

Talata, 18 ga Maris

Na dawo na tarar da tukwane a tsakar gida, Hansatu da maƙwabta suna yi wa mutanen Muntaka dambu. Na tambaya da icen wa. Magana ta yi tsawo. Ta ajiye muciya ta ce, "Baban Safara'u, don Allah me Muntaka ya yi maka?" Na ce ba komai. Ta ce, "To ai shi ne abin tsoron."

Gwaggo ta kira ni ɗakinta. Na zaci za ta ce in yi haƙuri da matata. Sai ta ce, "Gado, tun kana ƙarami, in an miƙa wa wani yaro ƙashi, naman da ke hannunka sai ya daina yi maka daɗi."

Tsufa ne. Ba hassada nake ba. Ina dai son a riƙa faɗin gaskiyar wanda ya yi me.

Asabar, 22 ga Maris

An yi zaɓen, a wani aji na lakwal, muna zaune a bencin yara gwiwa na taɓa haɓa. Kowa aka ba shi 'yar takarda ya rubuta ya jefa a kwali.

Na rubuta Jidda. Na gaya wa kaina saboda yarinyar famfo ne, da ƙudan da ke bin nama.

Muntaka ya ci, da rata mai yawa. Ƙuri'ata ko gezau ba ta sa an yi ba. A waje 'yan kilando suka cika titi da oda. Ya ratso taron ya kamo hannuna ya ɗaga sama, ya ce da Hausa, sannan da Larabci, "Wannan shi ne yayana. Shi ya saukar da ni, shi ya koya mani tuƙi. Rigar lamba ma daga bakinsa na fara ji." Aka tafa. Mata suka yi guɗa.

Tafin da na daɗe ina jira ke nan, sai ya zo a ranar da na rubuta Jidda.

Lahadi, 23 ga Maris

Ko da zai faɗi cewa shawarar rigar tawa ce, ai sai da ya ci zaɓe tukuna.

Asabar, 29 ga Maris

An miƙa sunan, ana jiran amsa daga sama. Ƙofar gidansa kamar ana rabon zakka. A kwata yanzu "Yayan Mer" ake kirana, har da masu fiɗa. Da can ina da suna.

Safara'u ta tambaye ni ko in Baba Muntaka ya hau zai riƙa zuwa gidanmu. Na ce ta je ta tambaye shi.

Laraba, 2 ga Afrilu

An faɗa a rediyo. Ba Muntaka ba, ba Jidda ba. Wani ne can, babu wanda ya taɓa ganinsa a gundumar nan, an ce ɗan'uwan wani mai manyan taurari ne a kafaɗa. Kwalinmu da takardunmu, ashe wasan yara aka sa mu a ajin yara.

Tunda babu mai karanta wannan, bari in faɗa. Da na ji, wani sanyi ne ya sauka a ƙirjina kamar ruwan randa. Na ci tuwo har na nemi ƙari. Zuwa la'asar sanyin ya tafi, ya bar wani abu da ban san sunansa ba.

Litinin, 7 ga Afrilu

Sabon mer ya fara da abin da Alhaji Jidda ke so, wai saboda tsaro. An hana kilando hawa gudron. An tashi tasha, an kai filin Alhaji. Babura da aka kama an tara su kamar itacen girki.

Ni kuwa kasuwa ta buɗe. Mahautan da suka guje ni suka koma wa babur duk sun dawo, sawu biyu nake yi yanzu. Alhaji kuma bai manta ba, ya aiko cewa kujerar shugaban tasha tana jirana. Mutum ne mai cika magana, wannan ba a hana shi. Na ce a gaya masa ina tafe, in na sami sarari.

Duk abin da na so ya samu. Hansatu ta ce to me ya sa nake zama kamar wanda aka yi wa rasuwa. Zafi ne.

Asabar, 12 ga Afrilu

Muntaka ya ƙi zuwa sabuwar tasha, ya ci gaba da ɗaukar mutane a bakin kasuwa. Ranar Laraba waɗansu masu kaki suka sauke fasinjojinsa, suka tafi da shi da motar. Shi an sako shi jiya. Motar babu wanda ya san inda take.

Gwaggo ta matsa sai na kai masa kunu. Ita ta aike ni, ba ni na ce zan je ba.

Ƙofar gidan wayam. Masu guɗa, masu oda, ko ɗaya. Ban ga laifinsu ba, kowa yana tsoron a gan shi a wurin. Na same shi a kan tabarma, idonsa na hagu a rufe don kumburi, leɓe a fashe. Ya yunƙura zai tashi ya gaishe ni, na ce zauna mana, kai wane irin mutum ne.

Na ajiye kunun a gabansa. Can ya ce, "Yaya, da kai ka tsaya, da ba su yi mana haka ba. Kai ɗan gari ne. Suna dukana suna cewa in koma inda na fito." Ya yi 'yar dariya, ta yi masa ciwo ya daina. "Tun da na zo garin nan nake kallonka. In ka shiga ofis ka yi magana, sai a ba ka kujera. Ni har in mutu baƙo ne."

Na ce ya sha kunun kafin ya huce.

A hanya na tsaya na sayi man zafi, na koma na miƙa wa matarsa daga zaure. Ban shiga ba.

Talata, 15 ga Afrilu

Kullum da asuba wayam nake tashi daga Digel zuwa Farsha, sai a dawowa nake da kaya. Ban taɓa kula ba sai yanzu. Gefen gudron cike yake da mata, kwanduna a ka, goyo a baya, sun fito daga cikin yashi suna takawa zuwa kasuwannin cikin gari. Sabuwar tasha ta yi musu baya, kafin su kai can gara su miƙe kawai.

Na wuce Inna Maryamu mai busasshen kifi, sa'ar Gwaggo, ta ajiye kwando tana riƙe da ƙugu. Ban tsaya ba. Motar nama ce, wa zai zauna cikin jini?

Na yi ta ganinta a madubi har na sha kwana.

Asabar, 19 ga Afrilu

Shekaranjiya na wanke bayan bashe da ruwan zafi da sabulu, na shimfiɗa tsohuwar tabarma. Ƙarnin ne ya ishe ni, ba wani abu ba.

Muntaka yana zaune ba aiki, zama kuma ba ya yi wa mai iyali kyau, shi ya sa na ce ya riƙa bina yana kama mani ɗaukar nama. Bayana ya fara ciwo da ma. Da muka hau gudron na ga hanyar ɗaya ce, ko na tsaya ko ban tsaya ba man da zan ƙona ke nan. Dokar kuma a kan motocin haya take, ni ba haya nake yi ba. Na taka birki.

Ya dira yana karɓar kwanduna yana jera su, da idonsa ɗaya da rabi. Kafin mu kai Ridina babu wurin sa ƙafa. Inna Maryamu na sa a gaba kusa da ni saboda ƙugunta. Tun da ta zauna take addu'a. "Allah ya yi wa yaron nan Muntaka albarka. An ƙwace masa mota, bai huta ba sai da ya samo mana wata, har da direba."

Na buɗe baki. Sai ga rami a gaba, na sauya giya, na kauce masa a hankali saboda ƙugun nata. Da muka wuce na ce, "Amin, Inna."

Ɗan aiken Alhaji ya sake zuwa da rana. Na ce wa Hansatu ta ce ina barci. Ta kalle ni, ta fita ta gaya masa. Da dare miyar ta ji nama fiye da kullum.

Na biya wurin kafinta na ce ya yi mani benci biyu daidai tsawon bayan mota, ya goge su sosai kada su kama zane. Ya ce na mene ne. Na ce na ɗora nama ne.